Uku na me? Na'urorin lafiya da ba su jin yaren juna

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ya saba da lissafi iri biyu tun yana yaro. Idan mai tumatur ta ce maka "ashirin", ka san dala take nufi, sai ka miƙa mata sefa 100. Idan ka wuce Ɗan Isa ka shiga Jibiya wani ya ce maka "ashirin", naira yake nufi. Haka tiyar hatsi ta kasuwanninmu da mudun Kano, kowane da girman cikinsa. Ba mu ruɗewa, domin kunnenmu ya san ƙasar da ƙafarmu take takawa. Baƙo ne kawai ke ruɗewa, shi ma asararsa ba ta wuce ƴan kuɗi.

A harkar lafiya ma tsakanin ma'auni biyu ko uku muke zaune, sai dai a nan kunnenmu bai saba ba, kuma abin da ake asara rai ne. Kayan aikin lafiya daga ko'ina suke shigo mana: Faransa, Sin, Indiya, Turkiyya, Jamus, kyautar ƙungiyoyi daga Amurka, kasuwar Kano, har da jakar alhazai. Kowace na'ura idan aka gwada ta ita kaɗai tana iya zama lafiya lau. Haɗarin yana ɓoye ne a wurin da wannan ta gamu da waccan: inda sirinji ya shiga kwalbar magani, inda tiyo ya shiga bakin wani tiyo, inda lambar da na'ura ta nuna ta gamu da lambar da ke cikin karnen maras lafiya. Masana suna da fanni guda a kan wannan, wanda za mu iya kira jituwar na'urorin asibiti. Na ga ya kamata mu malamai da iyaye mu san wani abu a kai, domin sau da yawa mu ne muke tsaye a daidai wurin haɗuwar, ba likita a kusa.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya daɗe yana fama da ciwon sukari, yana allurar insulin safe da yamma. Takardun labo da yake karɓowa duk da g/L ake rubuta su, wato giram a lita, kamar yadda aka saba a ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Mutanen gidan sun haddace abin kamar karatu: ɗaya da ɗan abu lafiya lau, biyu ya hau, uku kuwa sai gidan likita. Sai ɗansa da ke aiki a Katsina ya aiko masa da na'urar awon sukari ta hannu, don a huta da zuwa labo. Wata rana da bazara, Kawu ya yi allurarsa bai ci abincin kirki ba. Bayan azahar gumi ya rufe shi, hannu na rawa, magana na sarƙewa. Aka soki yatsa, na'ura ta nuna 3.1. Hajiyarsa ta ɗauko kwalbar insulin, ta aika yaro ya kira maƙwabcinsu, wani tsohon majo da ya yi ritaya, ya zo ya yi masa allurar don ita hannunta ya ƙi tsayawa.

Dattijon ya karɓi na'urar, ya kai ta kusa da ido, ya ce, "Hajiya, ajiye allurar nan. A kawo ruwa da sukari."

Ta ce, "Sukari kuma, Majo? Mutumin da sukarinsa ya kai uku?"

Ya ce, "Ukun wannan na'ura daban yake da ukun takardarku. Maza, tun yana iya haɗiya."

A ƙasan lambar akwai wasu ƙananan baƙaƙe da ba wanda ya kula da su: mmol/L. A wannan ma'auni 3.1 daidai yake da kusan 0,56 g/L. Sukarin Kawu faɗuwa ya yi ƙasa warwas, kuma da an ƙara masa insulin a wannan hali, Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya. Ya sha ruwan sukari, bayan kamar kwata ya dawo hayyacinsa. Na'urar gaskiya ta faɗa, takardun labo ma gaskiya suka faɗa, Hajiya kuma ta yi aiki da abin da ta sani. Tafinta ne ya yi ƙaranci a tsakaninsu.

Ma'aunin sukarin jini iri uku ne ke yawo a yankinmu, kuma ya kamata kowane gida mai wannan ciwo ya rubuta su a bango. Akwai g/L na takardunmu, akwai mg/dL da Amurka da Indiya ke aiki da shi, akwai mmol/L na Ingila da wasu ƙasashe da dama. Giram 1 a lita shi ne 100 mg/dL, shi ne kuma kusan 5,5 mmol/L. Daga mmol/L zuwa mg/dL ana ninkawa da 18. Iyakar da likitoci ke cewa mutum yana da ciwon sukari idan an auna shi bai ci komai ba ita ce 1,26 g/L, wato 126 mg/dL, wato 7 mmol/L. Ƙasa da 0,70 g/L, wato 70 mg/dL ko 3,9 mmol/L, sukari ya faɗi. Wanda sukarinsa ya faɗi ana ba shi abu mai zaƙi idan idonsa biyu kuma yana iya haɗiya. Idan ya suma ba a ɗura masa komai a baki, sai a garzaya da shi gidan likita. Wasu na'urori ana iya sauya musu ma'auni, wasu kuma tun daga masana'anta aka kulle su a kan ma'aunin ƙasar da aka yi su dominta. Ƴan takardun gwajin da ake ɗiga jini a kai, waɗanda muke kira bandelet, su ma kowace na'ura da nata. Yawancinsu an rubuta a jikin kwalinsu kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 30, mu kuwa mun san abin da Afrilu ke yi a Tawa.

Insulin ɗin kansa yana da irin wannan tarko. Akwai mai ƙarfin 40, wato awo 40 a mililita ɗaya, ana rubuta U-40 a kwalbar. Akwai mai ƙarfin 100, U-100. Kowane da sirinjinsa, bisa al'ada na 40 mai jan murfi, na 100 mai murfi ruwan lemo. Faransa ta bar na 40 ta koma na 100 a shekarar 2000, amma a wasu ƙasashe kamar Indiya ana sayar da iri biyun, kuma kaya ba su san iyaka ba. A ce likita ya rubuta wa mutum awo 20. Idan ya zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40 har layin 20, ya zuƙi rabin mililita, wato awo 50, ninki biyu da rabi na abin da aka ce ya yi. Idan kuma ya zuƙi U-40 da sirinjin U-100 har layin 20, awo 8 kawai ya samu, sai a yi ta cewa maganin jabu ne. Allura ta shiga kwalba sumul a duka biyun, babu abin da ya tirje balle mutum ya farga.

Wannan shigar sumul ɗin ita ce ta fi ba masana tsoro, kuma a nan ne na fahimci cewa jituwa mai aminci tana da fuska biyu. Abin da ya kamata ya haɗu ya haɗu, abin da bai kamata ya haɗu ba kuma ya ƙi shiga ko an tilasta shi. Fiye da shekara 100 asibitocin duniya suna aiki da baki iri ɗaya a sirinji da tiyo, wanda ake kira Luer, sunan wani Bajamushe maƙerin kayan likita da ya zauna a Paris. Da farko abin ya zama sauƙi, domin kowane sirinji yana shiga kowace allura. Daga baya sai aka ga tiyon abinci yana shiga tiyon jijiya, sirinjin jijiya yana shiga allurar ƙashin baya. A shekarar 2001, a birnin Nottingham na Ingila, wani saurayi ɗan shekara 18 da ke samun sauƙi daga sankarar jini ya rasu bayan an yi masa allurar maganin vincristine a ƙashin baya, alhali maganin na jijiya ne kaɗai. Sirinjin ya shiga allurar ƙashin bayan daram, kamar dominta aka yi shi. Ba shi ne na farko ba a duniya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa wannan magani a ƙaramar ledar ƙarin ruwa maimakon sirinji, kuma a wannan shekarar ta sa matsalar haɗa tiyo ba daidai ba cikin manyan abubuwa tara da ta ja hankalin asibitoci a kansu. Daga baya hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fito da ƙa'idar ISO 80369, wadda ta ba kowane aiki bakinsa. Na ciyarwa ta hanci ko ciki ana ce masa ENFit, sirinjinsa galibi launin shunayya. Na ƙashin baya ana ce masa NRFit, mai alamar rawaya. An ƙera su ne da gangan don su ƙi shiga tiyon jijiya.

Wani zai ce ina ruwanmu da Nottingham. To ya leƙa ɗakunan farfaɗo da yara masu tamowa, CRENI, a Maraɗi ko Damagaram lokacin damina. Zai ga yaro da tiyo a hanci ana ba shi madarar F-75, ga kuma wani tiyo a hannu ko a ƙafa na ƙarin ruwa da magani. Uwa ce ke zaune kusa da shi dare da rana, ma'aikaci ɗaya yana zagaya gadaje da yawa. Inda sababbin bakunan ba su iso ba, sirinji ɗaya yana iya shiga duka biyun, madara kuwa idan ta shiga jijiya tana kisa. Saboda haka abin da ya kamata kowace uwa da kowace kaka mai jinya ta riƙe shi ne: idan tiyo ya cire, kada ki mayar da shi da kanki ko da kin ga ramin da ya yi kama da nasa. Ki kira ma'aikaci, ko da zai yi miki faɗa. Ma'aikacin kirki shi ma kafin ya haɗa tiyo yakan bi shi da yatsa tun daga jikin maras lafiya har inda ya fito.

Mu mutane ne masu dabara, kuma dabarar ta rufa mana asiri a wurare da yawa. Makanikenmu zai ɗaura kayan wata mota a wata motar daban, ya naɗe da roba, ta kai Agadas ta dawo. Amma a gefen gadon maras lafiya, abin da ya ƙi shiga saƙo yake ba ka. Bakin iskar oksijin da ke jikin bangon asibiti akwai irin na Faransa, akwai na Ingila, akwai na Jamus, akwai na Amurka, kuma kowace iska da nata baki don kada a ba mutum wata iska a madadin oksijin. Wanda ya fasa bakin ya naɗe da filasta don ya shiga, ya cire mai gadin da aka ajiye masa. Haka na'urar da aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin bolt 120: idan aka sauya mata filogi kawai aka cusa ta a soket ɗinmu mai 220, ta ƙone.

Akwai kuma mataki na gaba, wanda ƙasashe masu kuɗi suke kokawa da shi, wato na'ura ta yi magana da ƴar'uwarta kai tsaye. Likitocin sa barcin fiɗa a Amurka sun wallafa labarin wata mata ƴar shekara 32 da ake cire wa maɗaciya. Ana tsakiyar aiki aka buƙaci hoton ciki, wanda muke kira radiyo. Don hoton ya fito sarai, likitan barci ya tsayar da na'urar da ke yi mata numfashi na ɗan lokaci. Faifan hoton ya maƙale a ƙarƙashin gadon fiɗa, likitan ya je taimakawa, hankali ya koma can, aka manta ba a sake kunna na'urar numfashin ba. Matar ta rasu. Da na'urar hoto da na'urar numfashi suna jin juna, da hoton zai ɗauku a daidai ɗan tsayawar da ke tsakanin numfashi da numfashi, ba sai an kashe komai ba. Wani likitan barci a birnin Boston, Julian Goldman, ya kafa shiri a 2004 don kamfanoni su yarda da yare ɗaya tsakanin na'urorinsu, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idar farko ta yadda za a haɗa na'urorin da ke kewaye da gado ɗaya ba tare da ɗaya ta ruɗa ɗaya ba. Aikin yana tafiya a hankali, domin kamfani ya fi son wanda ya sayi na'urarsa ya ci gaba da sayen wayarsa da tiyonsa da batirinsa. Haɗa na'urori ma yana da nasa haɗari. Idan agogon wannan ya saɓa da na waccan, ko sakamakon gado na 4 ya faɗa cikin fayil ɗin gado na 5, kwamfuta za ta yaɗa kuskuren da saurin da mutum ba zai iya ba.

Irin waɗannan na'urori suna shigowa manyan asibitocinmu na Yamai da jihohi, daga ƙasashe daban-daban. Ƙananan gidajen likita kuma sukan samu kyauta daga ƙungiyoyi ko daga ƴan gari mazauna waje. Niyyar mai kyau ce, Allah ya saka musu. Sai dai a 2011 masu bincike na jami'ar Duke a Amurka sun duba kayan asibiti sama da 100.000 a ƙasashe masu tasowa 16, suka tarar kusan kashi 40 cikin 100 ba sa aiki. Da yawa daga cikinmu muna cikin kwamitin kula da gidan likita na unguwa ko ƙungiyar ƴan gari. Kafin a yi bikin karɓar kyauta, akwai tambayoyin da ba sai likita ne zai yi su ba. Da wace wuta take aiki? Da wane ma'auni take nuna sakamako? Kayan da take ci kullum, a ina ake samunsu, a Yamai ko sai an aika Turai? Bakinta yana shiga abin da muke da shi? Takardar bayaninta da wane harshe take, kuma wa zai koya wa ma'aikata? Matambayi ba ya ɓata, kuma mai ba da kyauta na gaskiya zai ji daɗin tambayar.

Yanzu bari in juyo kanmu malamai. Dukanmu mun san yaron da za a ba shi lissafi ya rubuta amsa "3" ya ajiye alƙalami, malam ya tambaye shi, "Uku na me? Awaki ko jakuna?" Aji ya yi dariya, a rage masa rabin maki, a wuce. Yara suna ɗaukar wannan a matsayin tsananin malam. Ya kamata su san cewa waɗannan ƴan baƙaƙe na bayan lamba su ne suka raba mai buƙatar insulin da mai buƙatar sukari. Teburin sauya ma'auni da muke koyarwa a CM1 da CM2 yana iya fita daga mita da kilomita ya shiga ɗakin uwar yaron. A ba su aiki irin wannan: labo ya rubuta 1,40 g/L, na'urar gida tana aiki da mg/dL, me za ta nuna? A kolej a ba su na sirinjin 40 da insulin na 100, lissafin daidaito ne tsantsa. A nuna musu cewa mu da waƙafi muke raba lamba, masu Ingilishi da ɗigo, har 1,250 a wurinmu ɗaya da kwata ne, a wurinsu dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. A nuna musu ma'aunin zafin jiki da ke nuna 99, su gane cewa da ma'aunin Fahrenheit yake magana, wato 37,2 a namu, kuma zazzaɓin 38 a can 100,4 ne. A gidaje da yawa na karkara, ɗan makarantar nan shi kaɗai ne mai iya karanta abin da ke fuskar na'ura. Shi ake kira idan kaka ta kwanta.

Iyaye kuma, abin da ya fi kusa da mu shi ne siron yara. Wasu kwalaben suna zuwa da ƴar sirinjin baki da aka yi wa layuka da nauyin yaro, kilo 5, kilo 8, kilo 12. Kowane siro da tasa, domin ƙarfin magungunan ba ɗaya ba ne, kuma layin kilo 10 a sirinjin paracetamol ba shi ne layin kilo 10 a na wani magani ba. Hukumar magunguna ta Faransa ta sha jan kunnen iyaye a kan musanya su. Idan kwalba ta ƙare a jefar da sirinjinta tare da ita. Cokalin shayi na gida shi ma ba ma'auni ba ne, ku jera na gidanku uku ku gani ko cikinsu ɗaya.

Duk na'urar da ta shigo gida, ta sukari ce, ta hawan jini ce ko ta zafin jiki, kafin a dogara da ita a ɗauke ta tare da kwalinta da karnen maras lafiya a kai wa majo ko mai farmasi. A roƙe shi ya gwada ta, ya rubuta a shafin farko na karne da manyan baƙaƙe ma'aunin da take aiki da shi, lambar da idan an gani za a ba da sukari, da lambar da idan an gani za a taho gidan likita. Mai allurar insulin ya riƙa zuwa sayen sirinji da kwalbarsa a hannu, a duba 40 da 40, ko 100 da 100. Idan za a kira likita a waya, a karanta masa lambar tare da baƙaƙen da ke bayanta. Wanda zai je jinya Katsina ko Kano, ko ya dawo daga can da takardu, ya tuna cewa ya ƙetara iyakar ma'auni kamar yadda ya ƙetara ta kuɗi, ya nemi a fassara masa sakamakon kafin ya kwatanta shi da na da.

Ƙa'idojin da za su tilasta wa kamfanoni yare ɗaya aikin hukumomi ne, kuma za su ɗauki shekaru kafin su iso Tasawa da Magarya. Darasin ma'auni kuwa yana cikin tsarin karatun wannan shekara, alli da allo kawai yake buƙata. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri da basira.